Ƙanena, ka auna Yuranas tun kana Kaduna

Assalamu alaikum ƙanena. Da fatan kana lafiya, ya su Umma da sauran mutanen Tudun Wada?

Saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin fiziks a Jami'ar Jihar Kaduna, kana jiran bautar ƙasa, kuma ranka ya kwanta da ilimin duniyoyi, musamman watannin da ke zagaye Yuranas, duniya ta bakwai daga rana. Ka turo mini jerin nisansu da ka haddace, sannan ka tambaya ko ka biya wani ejan da ya yi alkawarin samo maka makaranta a nan Jamus.

Bari in fara da ejan, don maganarsa gajera ce. Kada ka ba shi ko sisi. A wannan fanni, duk makarantar da ta isa a je ana neman ta ne kai tsaye ta intanet, kuma mai digirin digirgir a nan biyansa ake yi duk wata. In ka ji an ce a sayar da filin Baba don karatun taurari, to akwai lauje cikin naɗi.

Jerin naka daidai yake. Miranda na zagaye a nisan kilomita kusan 130,000 daga tsakiyar Yuranas, Ariyel 191,000, Ambriyel 266,000, Titaniya 436,000, Oberon kuma wajen 583,500. Amma farfesan da zai karanta takardarka ta neman gurbi yana da wannan jeri a kwamfutarsa. Abin da yake nema shi ne ya ga me ka yi da lambobin, kuma ban ga hakan a saƙonka ba.

Ɗauki Titaniya. Ta fi namu watan nisa daga uwarta, domin namu yana kilomita 384,400 ne daga Duniya. Duk da haka namu sai ya yi kwana 27 da ɗoriya kafin ya gama zagaye ɗaya, ita kuwa kwana 8.7 sun ishe ta. Tafiya ta fi tsawo, lokaci ya fi gajarta. Dalili shi ne abin da ke jan ta ya fi ƙarfi, tilas ta yi sauri ko ta faɗa. Da nisan nan da kwanakin nan kawai, in ka saka su a dokar Kepler ta uku, wadda ke haɗa nisa da lokacin zagaye, yadda Newton ya faɗaɗa ta, za ka fitar da nauyin Yuranas da kanka: kusan ninki 14.5 na Duniya. Wato kana zaune a ɗakinka, da biro da kalkuleta, ka auna duniyar da ke nisan kilomita kusan biliyan 2.9 daga rana. Ka maimaita da Oberon mai kwana 13.5, da Miranda mai kwana 1.4. In amsoshin uku ba su zo kusa da juna ba, koma ka duba inda ka mayar da kwanaki daƙiƙoƙi, a nan yawanci ake tuntuɓe.

Daga nan ne abin ke fara daɗi. Raba kwanakin Ambriyel, 4.144, da na Miranda, 1.413, za ka sami 2.93. Ya kusa uku amma bai kai ba. A wajen duniyar Jufita, watanni uku, Io da Yuropa da Ganimid, sun ɗaure da juna tsaf: in na waje ya zagaya sau ɗaya, na tsakiya ya yi biyu, na ciki ya yi huɗu, kuma wannan jan da suke wa juna ne ke dafa cikin Io har duwatsunsa ke aman wuta. Manyan watannin Yuranas biyar ba su da irin wannan ɗauri a yau. Sai dai hanyar Miranda ta karkace da kusan digiri 4 daga ta 'yan uwanta, fuskarta kuma duk kwazazzabai da tsagogi ce, alhali faɗinta bai kai kilomita 500 ba. Ƙaramin wata irin wannan bai kamata a ce ya taɓa yin zafi a ciki ba. Shi ya sa masana da yawa ke ganin a dā Miranda da Ambriyel sun taɓa ɗaurewa a uku da ɗaya, wato Miranda ta zagaya sau uku a duk zagaye ɗaya na Ambriyel, daga baya suka kuɓuce, karkatar kuma ita ce tabon da ya rage. Ka ga yadda nisa ya zama tarihi? Wannan ita ce irin tambayar da za ka rubuta a takardar neman gurbi.

Kada kuma ka manta Yuranas a kwance take, ta karkata da kusan digiri 98, tana bin hanyarta kamar tayar da yara ke garawa a layi, manyan watanninta kuma suna zagaye ƙugunta a haka. Can nesa akwai wasu ƙanana, irin su Sikoras a wajen kilomita miliyan 12, da ke tafiya a baibai, alamar kamo su aka yi, ba tare aka halicce su ba.

Me ya sa nake ƙarfafa maka gwiwa a kan wannan duniya? Domin an yi mata rowar ziyara. William Herschel ya gano ta a 1781, ya ga Titaniya da Oberon a 1787, William Lassell ya ƙara Ariyel da Ambriyel a 1851, Gerard Kuiper ya ga Miranda a 1948. Kumbo ɗaya tak ya taɓa zuwa, Voyager 2, a Janairun 1986, ya wuce bai tsaya ba, kuma ɓangaren kudu na watannin kawai ya iya ɗauka hoto, don arewacinsu na cikin duhu a lokacin. A 2022 masanan Amurka suka sa aika kumbo zuwa Yuranas a gaban duk wani sabon babban aiki. Tafiyar kanta ta fi shekara goma, saboda haka waɗanda za su ci moriyar bayanan 'yan shekarunka ne, ba tsararmu ba.

Yanzu hanya. Lokacin bautar ƙasa ka koyi Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, da gaske. Shafin Horizons na hukumar NASA kyauta ne, zai ba ka matsayin kowane wata a kowace rana. Ka sauke, ka zana, ka rubuta shafi huɗu ko biyar kan abin da ka samu, ka kai wa malamin da ya duba aikinka na ƙarshe, domin wasiƙarsa ta fi duk wata takardar yabo da za ka tara. Sai ka nemi AIMS, cibiyar lissafi da ke da rassa a Gana, Sanagal, Kamaru, Ruwanda da Afirka ta Kudu, ko difloma ta ICTP, cibiyar fiziks ta ƙasa da ƙasa, a Trieste ta Italiya. Dukansu suna ɗaukar nauyin ɗalibi. Daga can ake samun tsani zuwa wurare irin cibiyar Max Planck ta binciken rana da duniyoyinta da ke Göttingen a nan Jamus. A gida ma Jami'ar Nsukka na da sashen fiziks da ilimin taurari, kada ka raina.

Abu ɗaya da ba na so ya zo maka ba zata: aikin nan ba kallon sama ba ne. Zama ne gaban kwamfuta daga safe har yamma, a garin da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe huɗu a watan Disamba, ga sanyi, ga kaɗaici, masallacin Juma'a ma sai ka hau bas. Saman da za ka gani a bayan gari a hanyar Zariya, daren da babu hazo kuma babu farin wata, ya fi wanda nake gani nan sau da yawa. Da madubin hangen nesa na hannu za ka iya hango Yuranas kamar ɗan ɗigo, watannin dai sai babban madubi.

Ka yi lissafin watanni ukun nan, ka ɗauki hoton takardar har da inda ka soke, ka turo mini kafin ƙarshen wata. Ka gaida Umma, ka ce mata yajin da ta aiko ya iso.

Yayanka.