Tambaya da Amsa: In jirgi ya zubar da mai ko kemikal a bakin Tema, wa zai yi me?

TAMBAYA: Salamu alaikum malam. Ni 'yar Ashaiman ce, kifi nake sara a habo na Tema in yi banda in kai kasuwar Nima da Mamobi. Kullum in na je ina hango manyan jirage jere a teku suna jiran layi, rannan kuma na ga wani abu mai kala-kala yana ƙyalli a kan ruwa inda kwale-kwale ke tsayawa, yaran wajen suka ce min mai ne. Dan Allah in babban jirgi ya fashe akwai wani shiri da aka yi kuwa? In kemikal ne fa? Mu da jarinmu gaba ɗaya yake cikin kifi ya za mu yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a nema. Shiri akwai, a rubuce ma, tun daga cikin jirgin har zuwa matakin ƙasa. Amma bari in fara da abin da ba a cika son faɗa wa mutane ba: in mai ya zuba da yawa a tsakiyar teku, abin da ake iya kwashewa daga kan ruwan da ƙyar yake wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ko a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki. Sauran ko ya bi iska, ko ya narke cikin ruwa, ko ya fito gaɓa. Dan haka babban aikin shirin shine a zauna tun ana lafiya a yanke wane waje za a fara karewa, wa zai kira wa, kuma kayan suna ina, dan ranar da abin ya faru babu lokacin zama shawara.

Wancan mai kala-kala da kika gani, shimfiɗa ce siririya ƙwarai wadda ba ta kai kaurin gashi ba, ɗan mai kaɗan yake rufe fili babba. A bakin kwale-kwale yawanci firimis ne, wato man injin kwale-kwale, da ya ɗiga daga inji ko jarka, ko ruwan ƙasan jirgi da wani ya zuƙe ya watsar. Ba shi da daɗi amma rana da iska suna cinye shi. Wanda muke tsoro shine baƙin mai da manyan jirage ke ƙonawa a injinsu da kuma ɗanyen mai, waɗannan ba sa tafiya da wuri, in igiyar ruwa ta kaɗa su sai su sha ruwa su kumbura su zama wani dunƙulallen abu ruwan ƙasa mai danƙo, yawansa ya ninka har sau huɗu ko biyar, famfo ma da ƙyar yake ja.

Shiri na farko yana cikin jirgin kansa. Dokar MARPOL, wato dokar hana jirage gurɓata teku ta IMO, hukumar harkar jiragen ruwa ta duniya, ta wajabta wa duk tankar mai da girmanta ya kai 150 a ma'aunin jirage, da duk sauran jirgi da ya kai 400, su riƙe littafin gaggawa da ake kira SOPEP. A ciki akwai lambobin da kyaftin zai kira, yadda zai ba da rahoto, da matakin tsayar da yoyo, misali a juye man daga tankin da ya huje zuwa wani. Akwai kuma wani ɗan sito a jirgin da ake ajiye garin katako, tsummokaran tsotse mai, shebur da ba ya tartsatsi, da duro fanko. In kika ga ana shirin ba jirgi mai a habo, abin da ma'aikata ke fara yi shine su bi ramukan da ruwan sama ke fita ta gefen jirgin su toshe su ɗaya bayan ɗaya, su sa faranti ƙarƙashin mahaɗin tiyo, mutum ɗaya ya tsaya da rediyo a hannu kusa da maɓallin kashe famfo. Kamar ƙaramin abu ne, amma fiye da kashi 80 cikin ɗari na malalar da aka lissafa daga tankoki tun 1970 ƙanana ne, ƙasa da tan 7, kuma da yawansu wajen lodi da sauke kaya da shan mai suke faruwa, wato a cikin habo, kusa da ku kenan.

Daga nan shirin mataki uku ne. Na ɗaya wanda jirgin ko tashar za su iya da kansu, a Tema da Takoradi hukumar tashoshin jiragen ruwa GPHA kenan da kamfanonin da ke aiki a wajen. Na biyu wanda ya fi ƙarfinsu sai an haɗa kayan ƙasa, nan ne hukumar kare muhalli EPA ke jan ragamar shirin ƙasa na malalar mai, tare da Ghana Maritime Authority da ke riƙe da dokar hana gurɓata teku ta 2016, da sojojin ruwa, da hukumar agajin gaggawa NADMO, da hukumar kamun kifi. Na uku sai an kira agaji daga waje, irin kamfanin OSRL da ke Southampton a Ingila, su lodo kaya a jirgin sama. Yarjejeniyar duniya ta shirin tunkarar malalar mai, OPRC ta 1990, ita ce ta ɗora wa ƙasashe wannan tsarin bayan tankar Exxon Valdez ta zubar da tan kusan 37,000 a Alaska a 1989. Mu nan abin ya ƙara nauyi tun da aka fara haƙo mai a filin Jubilee da ke cikin tekunmu a Disambar 2010, ga matatar Tema da take nan tun 1963 tankoki na zirga-zirga dominta.

Tohm, ga inda lissafin yake. Mai a kan ruwa yana bin jan ruwa gaba ɗaya, sannan ya ƙara da kusan kashi 3 cikin ɗari na gudun iska. A gaɓarmu iska yawanci daga kudu maso yamma take busowa, wato tana turo komai zuwa tudu, jan ruwan Gini kuma gabas yake yi, dan haka abin da ya zuba gaban Tema hankalinmu Kpone da Prampram da Ada yake fara tafiya. Ki ɗauka misali jirgi yana tsaye kilomita 5 daga gaɓa, iska na gudun kilomita 20 a awa, man zai riƙa matsowa fiye da rabin kilomita duk awa, cikin awa takwas ko tara ya iso yashi. In da magariba ya zuba kafin ki fito sarin asuba yana nan. Kinga ke nan kayan da za a lodo daga Ingila ba su ne za su ceci ranar farko ba, sai wanda ke ajiye a Tema, da mutumin da ya san yadda ake warware shi cikin duhu. A Morishas jirgin Wakashio ya hau kan dutsen ruwa ranar 25 ga Yulin 2020, mai bai fara fita ba sai 6 ga Agusta, kwanaki goma sha biyu cur ana kallonsa, da ya fara yoyo kusan tan 1,000 ya zuba, sai ga mutanen gari suna ɗinka buhuna suna cusa ganyen rake da gashin kai dan su tare shi. An yaba musu kuma sun cancanta, amma ni a wajena wannan hoton shiri ne da bai yi aiki a kan lokaci ba.

Kayan aikin da kowa ya sani shine bum, wani dogon shinge na roba mai iyo, samansa ya leƙo kan ruwa ƙasansa kuma labule ne da sarƙa ke ja ƙasa. Ana kewaye man da shi sai a sa sikima, injin da ke yaɗe man daga sama. A cikin habo inda ruwa yake kwance yana aiki sosai. Amma in jan ruwa ya wuce kilomita ɗaya da 'yan kai a awa sai man ya riƙa sulalewa ta ƙarƙashin labulen, in kuma igiya ta yi tsawo ya tsallake ta sama, ke kuma kin san tekunmu, musamman daga Yuni zuwa Satumba. Ba wanda ke da bum ɗin da zai rufe gaɓar Gana mai fiye da kilomita 500, dole a zaɓa. Shi ya sa ake zana taswira a sa alama: bakin tafkin Sakumo, bakin Densu, Songor, Keta, wajen da kunkurun teku ke ƙwai, mashigar habon masunta, bututun da masana'antu ke jan ruwan teku. Yashi ana iya kankarewa da shebur a kwashe, amma in baƙin mai ya shiga cikin itatuwan bakin tafki inda ƙananan kifi ke girma shekaru yake yi a cikin laka, shiga wankewa ma ƙara ɓarna yake.

Sai maganin fesawa da ake kira dispasan, shi ne ake yawan rigima a kai. Aikinsa kamar yadda sabulu ke yi wa kwanon manja, ya farfasa man ya zama ƙananan ɗigo su shige cikin ruwa ƙwayoyin halitta su cinye a hankali. Man bai ɓace ba fa, an dai sauke shi daga sama zuwa ciki. A ruwa mai zurfi nesa da gaɓa yana da amfani, yana hana man isowa tafki. A ruwa mara zurfi kusa da inda kifi ke ƙwai kuma kai wa kifin man aka yi har gida. Sannan yana da ƙurarren lokaci, awoyi zuwa 'yan kwanaki, in man ya yi kauri ba ya jin magani, baƙin mai na inji ma tun farko da ƙyar yake ji. Dan haka inda za a fesa da inda ba za a fesa ba dole EPA ta yanke tun kafin ranar, kuma ra'ayina a lokacin yanke wannan ya kamata masunta da ku masu banda ku kasance a ɗakin.

Kemikal kuwa wani babi ne daban, kuma ya fi ban tsoro dan sau da yawa ba a ganinsa. Wani tashi yake ya zama tururi, wani ya yi iyo, wani ya narke, wani ya nutse ƙasa, bum ba ya tare uku daga cikin huɗun nan. Tambayar farko ita ce mene ne a ciki, shi ya sa kwantenar kaya masu haɗari take da tambari mai kusurwa huɗu a jikinta da lamba mai alƙaluma huɗu, a ƙarƙashin tsarin IMDG na jigilar kaya masu haɗari a teku, mai rukuni 9. Da lambar ake gane ko ruwa za a zuba ko ruwan ne ma zai tayar da wuta. Tankokin da ke ɗaukar kemikal zube suna da nasu littafin, SMPEP, kuma a 2000 aka ƙara wa yarjejeniyar OPRC sashen kemikal. Jirgin X-Press Pearl a 2021 yana ɗauke da tan 25 na asid ɗin naitirik, ma'aikatansa sun san kwantenar na yoyo, sun nemi saukewa a Katar da Indiya ba su samu ba, ya zo gaban Kolambo a Siri Lanka ya kama da wuta ya nutse, ƙwayoyin roba suka rufe musu gaɓa aka hana kamun kifi. Kusa da mu ma akwai Abijan a 2006, da aka sauke dattin jirgin Probo Koala aka zubar cikin gari wasu mutane suka mutu, dubbai kuma suka je asibiti. A harkar kemikal mutane ake fara kwashewa daga inda iska ta nufa, maganar kifi sai daga baya.

Yanzu naki ɓangaren Hajiya. In kika ji wari mai ƙarfi ko idonki ya fara yaji, ki bar wajen ki kauce daga hanyar da iska ke kawo warin, kar ki tsaya kallo, ki kira 112 ki kuma gaya wa sarkin masunta na wajen. A kashe wutar banda in kuna kusa. Duk wanda ya ga gobarar gidan mai cikin ambaliyar 3 ga Yunin 2015 a Circle da ke Akra ya san abin da fetur a kan ruwa yake yi, sama da mutum 150 muka rasa a dare ɗaya. Kar ki bari yara su je ɗibar mai da bokiti, kar kuma a taɓa duro ko kwantenar da teku ta turo. Kifin da ya mutu ya fito gaɓa kar ki saya komai arharsa, kin tuna Afrilun 2021 da kifaye suka fito a Osu mutane suka kwashe kafin hukuma ta iso tana roƙon kar a ci. Banda ba ta cire mai daga tsokar kifi, warin kawai take ɓoyewa, kuma kwastoma ɗaya ta kwanta ciwo sunanki ya ɓaci a Nima gaba ɗaya.

Maganar jari kuma, akwai diyya. In tankar mai ce, mai jirgin da inshorarsa ke fara biya, in ya fi ƙarfinsu sai asusun diyyar malalar mai na duniya, IOPC, da ke Landan wanda Gana take ciki, kuma ba mai kwale-kwale kaɗai ake biya ba, mai sana'ar da cinikinta ya tsaya saboda malalar ita ma tana iya nema. In man injin jirgin kaya ne inshorar jirgin ake bi. Na kemikal ne ke da rauni, yarjejeniyar diyyarsa tun 1996 aka rubuta ta yi sama da shekara ashirin ba ta fara aiki ba. Amma duk wanda zai biya hujja zai tambaya: nawa kike saya, nawa kike sayarwa, bara war haka nawa kika samu. Nan ne 'yan uwanmu mata ke faɗuwa wlh, ciniki na dubban sidi amma duk a ka yake. Ki sayi ɗan littafi ki riƙa rubuta kwanan wata, kwali ko baho nawa, kuɗi nawa, in rubutun na ba ki wuya ɗiyarki ta rubuta miki da dare. Saƙonnin momo kar ki goge. Ki yi rajista da ƙungiyar masu sarrafa kifi irin NAFPTA dan sunanki ya kasance a wata takarda tun kafin a fara lissafin waɗanda abin ya shafa. In ya faru ki ɗauki hoton tandunki a kashe da kayan da suka lalace, da kwanan wata. A tsarin asusun nan shekara 3 ake ba mutum daga ranar da asarar ta same shi ya kai maganar kotu in ba a daidaita ba, in ta wuce haƙƙin ya faɗi.