Hukuncin Rusa Kayan Tarihi a Lokacin Yaƙi

Tambaya: Allah gafarta Malam, masu ɗauke da makamai sun rusa hubbaren waliyyai a Timbuktu a 2012, wasu kuma suka tarwatsa tsofaffin gine-ginen Palmira a Siriya a 2015, wai shirka suke kawarwa. Aikin nasu yana da madogara a shari'a?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, abin da suka yi ɓarna ce, bai halatta ba.

Hujjar da suke kafawa ita ce hadisin da Muslim ya ruwaito, inda Annabi (SAW) ya aiki Sayyidina Ali ya daidaita kaburburan da aka ɗaga, ya shafe gumaka. Hadisin ingantacce ne, ba ma musunsa. Amma wa ya aiki Ali? Shugaban al'umma ne. Ba hurumin duk wanda ya rataya bindiga ba ne ya ɗauki diga ya afka maƙabarta. Shugaban ma sai ya auna maslaha: Annabi ya so ya maida Ka'aba kan harsashin Annabi Ibrahim, ya fasa saboda Ƙuraishawa sababbin shiga Musulunci ne.

Dubi wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu ɗan Abu Sufyan da zai tafi Sham, tana cikin Muwaɗɗa: kada a sare itace mai 'ya'ya, kada a rusa wuri rayayye, a ƙyale masu bauta a ɗakunan ibadarsu. Amru ɗan As ya ci Masar, sahabbai suka zauna cikinta, ga dalar Fir'auna nan tsaye har gobe. Ko waɗannan sun fi sahabbai kishin tauhidi ne?

Abin da ya fi sosa min rai shi ne Janairun 2013, da aka cinna wa dubban rubuce-rubucen hannu wuta a Cibiyar Ahmad Baba, ma'ajiyar tsofaffin littattafai da ke Timbuktu. Wane gunki ne a cikin takardar fiƙihu? A Mosul ta Iraƙi kuwa masallacin Nuri 'yan ƙungiyar IS suka tarwatsa a 2017 da suka ga birnin zai suɓuce musu. Manyan kayan tarihi ana farfasa su gaban kyamara don a razana duniya a jawo mabiya, ƙananan kuma a sayar a ɓoye a sayi harsashi. Wannan siyasa ce aka yafa wa rigar addini.

Inda ake aikata bidi'a a wajen kabari, gyaranta karantarwa ce, zartarwa kuma ta hukuma. Sayen kayan tarihin da aka wawure a yaƙi shi ma haramun ne, domin dukiyar ƙwace ce.

Wallahu a'alam.