Me ya sa nake manta abin da ya kai ni ɗaki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 36. Nakan tashi in ɗauko wani abu, da na shiga ɗakin sai in tsaya sororo, abin ya ɓace mini. Makulli ma kullum sai na neme shi. Ko ƙwaƙwalwata ta fara samun matsala ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Yawanci wannan ba ciwo ba ne. Matsalar ta fi alaƙa da hankalin da ya rabu fiye da ƙwaƙwalwar da ta lalace.

A ƙwaƙwalwa, ban da ma'ajiyar da ke adana abu shekara da shekaru, akwai wata 'yar ƙarama mai riƙe abin da kike ciki yanzu, irin lambar wayar da aka faɗa miki kafin ki rubuta. A 1956 masanin halayyar ɗan Adam George Miller ya kiyasta tana ɗaukar abu bakwai, ƙari ko ragin biyu. Nelson Cowan a 2001 ya ce idan aka hana mutum nanatawa, ba ta wuce wajen huɗu. Kuma abin da ke cikinta ba ya jimawa. A 1959 Lloyd da Margaret Peterson sun ba mutane baƙaƙe uku su riƙe, suka sa su ƙirga lamba da baya uku-uku don kada su maimaita a zuci. Bayan daƙiƙa 18, kusan ɗaya cikin goma kaɗai ake iya tunawa.

Niyyarki ta "bari in ɗauko caja" a nan take zaune. Kina tafe saƙo ya shigo waya, ko wani ya yi miki magana, sai sabon ya ture tsohon. Ita kanta ƙofar tana da nata laifin. Gabriel Radvansky na Jami'ar Notre Dame a Amurka ya gano mutane sun fi manta abin da suka ɗauko idan sun ratsa ƙofa, fiye da idan sun yi tafiya mai tsawo ɗaya a cikin ɗaki guda. A ganinsa ƙwaƙwalwa tana yanka al'amura gaɓa-gaɓa, sabon wuri kuma sabuwar gaɓa ce. Wani bincike a Ostireliya a 2021 ya nuna hakan ya fi faruwa idan kai ya riga ya cika da wani tunani, wanda a ganina shi ne ainihin zancen.

Batun makulli daban ne. Ba mantawa kika yi ba, tun farko abin bai shiga ba: hannu ya ajiye shi, hankali yana wani wuri. Gwaje-gwajen Fergus Craik da abokan aikinsa a 1996 sun nuna raba hankali lokacin shigar da abu ya fi ɓarna nesa ba kusa ba a kan raba shi lokacin tunowa. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi ne ke tsare niyya yana korar abin da bai dace ba, kuma rashin barci da damuwa suna raunana aikinsa.

Don haka kafin ki tashi, ki faɗi abin a fili, ki ci gaba da nanata shi har ki isa. Makulli ki ware masa wuri ɗaya tak, don hannu ya saba ba sai hankali ya sa baki ba. Abin da za a yi nan gaba kuwa, ki ɗaure shi da wata alama, yadda Peter Gollwitzer ya gwada: "idan na rufe kwamfuta, sai in kira ta" ya fi "zan kira ta anjima" aiki. In abin ya riga ya ɓace, ki tambayi kanki me kike yi kafin ki tashi.

Ki ga likita idan kika fara ɓata a hanyar da kika sani sarai, ko kina maimaita tambaya ɗaya ba ki sani ba, ko aikin da kika saba ya fara gagararki, ko mutanen gida suka riga ki lura. Ƙarancin bitamin B12, raunin aikin ƙwayar tayirod da ke wuya, ciwon damuwa da wasu magungunan barci duk suna kawo mantuwa, kuma na farkon biyu gwajin jini ne ke bayyana su.