Bawul ba ya hutawa don an rage ƙara

Salam yarona, na ga saƙonka tun bayan la'asar, ina kan wani aiki ne shi ya sa sai yanzu. Kace mai jitar nan da ya kawo maka amfilifaya ranar kasuwar Maigatari yana mita wai bawul ɗinsa, wato kwalaben gilashin nan da ke ƙara wa sauti ƙarfi a cikin amfilifaya, sun mutu da wuri alhali shi ko ƙure ƙara ba ya yi, da akwatin rage ƙara yake kiɗa a gida, kai ma abin ya ɗaure maka kai. Toh ai a wannan akwatin maganar take.

Kaga akwatin nan tsakanin amfilifaya da lasifika ake jona shi, wato ƙarfin ya riga ya fito daga bawul gaba ɗaya, shi akwatin sai ya shanye mafi yawa ya mayar da shi zafi, ɗan ragowar ya kai wa lasifika. Taɓa shi bayan an yi kiɗa ka ji yadda yake ɗaukar zafi. Mutumin naka murɗa amfilifayar yake har ƙarshe don ya samu wannan gurnanin da masu jita ke so, maƙwabta ba sa ji, shi ma kunnensa lafiya lau, amma manyan bawul ɗin nan guda huɗu, samfurin EL34, aikin wat 100 suke yi kamar ana tsakiyar filin biki. Kamar jaki ne an lafta masa kaya an ɗaure masa baki, rashin kukansa ba ya nufin kayan ba nauyi. Kullum dare a haka dole su tsufa da wuri.

Da da maɓallin masta na jikin amfilifayar yake ragewa, da da sauƙi, don nan tun kafin sautin ya isa manyan bawul ake rage shi. Amma ko a hakan kar ka ce masa ba sa cin jiki. Muddin an kunna, hitar da ke cikin bawul tana ci a bolt 6.3, katod, wato ɓangaren da hitar ke ɗumamawa, yana zafi yana fitar da abin da aka shafa masa a hankali a hankali, kuma wuta tana bi ta filet, wato farantin ƙarfen da ke cikin bawul, ko ba a taɓa jita ba. Wannan wutar ta zaman banza ita ce ake daidaitawa da saitin da muke kira bayas, kuma nan nake so ka nutsu. EL34 abin da filet ɗinsa ke iya ɗauka wat 25 ne, mu kan saita shi wajen kashi 70 cikin 100, wato wat 17 da rabi, in mita ta nuna maka bolt 450 a filet toh wajen miliamfa 39 kenan kowane bawul. In ka bar shi ya haura sai ka ga filet ya yi jajir kamar garwashi a cikin duhu, kana ganin haka kashe kawai kar ka tsaya kallo. Ni na fi son in saita ƙasa kaɗan saboda zafin garinmu, watan Afirilu a Jigawa ai ba irin na Ingila bane.

Wasu suna cire biyu daga cikin huɗun don ya koma rabin ƙarfi. Ana yi, amma ko dai biyun tsakiya ko biyun gefe, ba biyu daga ɓangare ɗaya ba, sannan in lasifikar om 16 ce ka mayar da maɓallin baya kan 8. Ƙarar ma ba wani raguwa take sosai ba, kuma waɗanda suka rage suna aikinsu cikakke.

Abin da ban yarda ba sam shi ne rage wutar da ke shiga daga soket wai don a rage ƙarfi, don hita ma raguwa take, katod bai yi zafin da ya kamata ba ana jan wuta daga jikinsa, lalacewa yake. Kuma wallahi abin da ƙaramin janareta ke yi musu kenan a ƙauye, yanzu wuta ta yi ƙasa an jona firji, anjima an cire ta yi sama. Na taɓa rasa saiti guda sabo fil a gidan biki saboda haka, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ka ce masa ya nemi sitabilaiza, ya auna ya ga tana kusa da bolt 230 kafin ya kunna.

Da za ka canza manyan bawul ɗin, ka sayi huɗun a haɗe waɗanda aka auna suka zo ɗaya, kar ka cusa sabo ɗaya cikin tsofaffi uku, ka sake saita bayas, ka duba rasistocin sikirin, wato waɗanda ke tsare wutar da ke shiga ragar cikin bawul, ko akwai wanda ya ƙone, don bawul in zai mutu yakan ja su. Ƙananan bawul na gaba, samfurin 12AX7, ka ƙyale su, suna daɗewa sosai, sai in ka ƙwanƙwasa da fensir ka ji ƙara tana fita ta lasifika. Dubi kuma wannan tabon mai sheƙi kamar azurfa a cikin gilashin, in ya koma fari kamar alli iska ta shiga, ya gama. Ka hure ƙurar hunturu, kar a jingina bayan amfilifayar da bango, kuma in an tashi daga kiɗa a bari ya huce kafin a ɗora shi a babur.

Dan Allah yarona kar ka kunna amfilifayar ba lasifika a jone, taransifomar fita za ta ƙone kuma samunta sai an sha wahala ko a Sabon Gari. Kuma manyan kafasitocin nan suna riƙe bolt sama da 400 ko an zare filogi, suna kisa, ka sauke wutarsu ta rasista ka auna da mita kafin ka sa hannu. In ka buɗe ka turo min abin da ka samu a filet kafin ka murɗa komai, ka gaida mutan gida.