LE ko XLE, wacce ta fi shan mai?

Malam, ka tambaya ko a motar Camry da ake kira Muscle, samfurin LE ta fi XLE sauƙin shan mai. Ba haruffan ke shan mai ba, inji ne. LE, SE da XLE galibi bambancin kayan ciki da ado ne, irin su kujeru da gilashin rufi. Ƙirar 2007 zuwa 2009 tana zuwa da injin 2.4 mai fulogi huɗu ko 3.5 mai shida, kuma dukkan ukun ana samunsu da kowanne. Buɗe bonet ka duba kafin ka biya.

Amma kada ka dogara da lissafin shan mai na kamfani. A zafin Afrilu, AC a kunne, ga cunkoson Babbar Kasuwa, tawa mai huɗu tana shan mai fiye da yadda take sha a hanyar Birnin Kebbi, nesa ba kusa ba.