Amsa: Kirista zai iya neman arziki ba tare da ya raba zuciyarsa ba?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko neman arziki ya saɓa wa ƙaunar Allah da dukan zuciya. Bai saɓa ba. 1 Timoti 6:10 son kuɗi ya zarga, ba kuɗin ba, kuma Maimaitawar Shari'a 8:18 ta ce Allah ne ke ba da ikon samun dukiya. Sai dai ka karanta aya ta 17: haɗarin shi ne mutum ya ƙoshi, ya ce ƙarfin hannunsa ne.

A aikace, ranar da riba ta shigo, fara biyan yaran shagonka ko masu yi maka ƙodago, domin Yakubu 5:4 ya ce ladan da aka danne yana kuka. Ware baiko, wato kyautar da ake bayarwa a coci, kowace Lahadi gwargwadon samunka (1 Korintiyawa 16:2), kafin cefane ya cinye. Kada ka ci bashi don "shuka iri", wato ba da kuɗi a coci da fatan Allah ya mayar maka ninki ɗari. Nan mutane da yawa ke faɗuwa: baiko ya zama ciniki, in ribar ba ta zo ba sai su yi fushi da Allah.

Masu kafa hujja da 3 Yahaya aya 2 kuwa, mai fatan lafiya da nasara cikin kome, su sani gaisuwa ce ga Gayus, wanda aka rubuta wa wasiƙar, ba alkawarin mota ba.