Motar Gwamnati Ta Daki Motata, Wa Zai Biya Ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni direban haya ne, ina jigilar fasinja tsakanin Zariya da Funtuwa. Makonni biyar da suka wuce wata Hilux mai lambar gwamnatin jiha ta shigo hannuna ta daki motata. Gaban motar ya tashi aiki, fasinja ɗaya ya karye a hannu. Jami'in da ke cikin Hilux ɗin ya roƙe ni kada mu kai maganar wurin 'yan sanda, ya ce ma'aikatarsu za ta gyara. Tun daga ranar kullum na je sai a ce oga ya yi tafiya. Abokan aikina a tasha sun ce in bar wa Allah, ba a shari'a da gwamnati. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya kiyaye na gaba, Ya ba fasinjan nan lafiya.

Ba haka ba ne. Sashe na 6 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kotu ikon sauraron ƙara tsakanin ɗan ƙasa da gwamnati. Kuma idan direba ya yi ganganci yana bakin aiki, ɓarnar tana hawa kan wanda ya ɗauke shi aikin, ko kamfani ne ko ma'aikata. Koren rubutun da ke jikin lambar motar bai wanke kowa ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne makonni biyar ɗin nan. Akwai Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta tarayya, mafi yawan jihohi kuma suna da irinta. Sashe na 2 ya ce duk mai ƙarar jami'i kan abin da ya aikata a bakin aiki ya shigar da ita cikin wata uku daga ranar da abin ya faru. In ya wuce, alƙali ba zai ma duba wa ya shiga hannun wa ba, korar ƙarar zai yi. A 1998, a shari'ar Ibrahim da hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta Jihar Kaduna, Kotun Ƙoli ta ce kariyar ta haɗa har da hukumomi, ba ɗaiɗaikun jami'ai kawai ba. Kafin nan, a 1994, a shari'ar Eboigbe da kamfanin NNPC, ta riga ta ce zaman sasanci ba ya tsayar da ƙirgen lokaci. Wato duk ranar da aka ce maka oga ya yi tafiya, a cikin kwanakinka ake cirewa. Ban ce jami'in nan da gangan yake ja maka rai ba, mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya yi alkawarin. Amma alkawarin baki ba ya shiga fayil, kuma in aka yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi cewa zai yi bai san da zancen ba.

Kusan makonni takwas suka rage maka, su ɗin ma ba cikakku ba, domin dokokin da suka kafa hukumomi da yawa sun wajabta a aika musu da sanarwar niyyar kai ƙara tukuna, galibi wata guda kafin a je kotu.

Saboda haka gobe ka tafi ofishin 'yan sandan yankin da abin ya faru, sashen kula da zirga-zirgar motoci (MTD), ka ba da rahoto. An makara, ba shakka. Da a ranar aka kira su, ko aka buga wa hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC a 122, da an zana taswirar wurin motocin suna inda suka tsaya. Duk da haka rahoton yau ya fi babu. Ka nemi jami'in duba lafiyar motoci (VIO) ya duba motar kafin bakanike ya sa mata hannu, ka ɗauki hotunanta ta kowane ɓangare, a rubuta maka kiyasin kuɗin gyara. Ka nemo fasinjojin da suka ga abin da idonsu. Ka roƙi shugabannin tasha su rubuta abin da ka saba samu a rana, domin kwanakin da motar ta yi a ajiye su ma asara ce da ake neman diyyarta. Fasinjan da ya karye haƙƙinsa daban ne da naka, lokacin kuma yana bin sa kamar yadda yake bin ka. Ya adana katin asibiti da hoton ƙashi da kowane rasit.

Sai wasiƙa zuwa ga Babban Sakataren ma'aikatar, da kwafi ga Antoni Janar na jiha. A rubuta rana da wuri da lambar motar da adadin kuɗin da kake nema. Kada ka baro ofishin sai an buga hatimin karɓa a kan kwafinka.

Akwai tambayar da lauyanka zai fara yi: ina Hilux ɗin za ta a lokacin? In aikin ofis ta fita, ma'aikata ce za ta biya, amma wata ukun nan ya ɗaure ka. In kuwa direban ya ɗauke ta ya tafi biki ba da izini ba, dokar kariyar ba ta rufe shi, sai dai ma'aikatar za ta iya zame jiki ta bar ka da shi da ɗan albashinsa. Shi ya sa akan haɗa direba da ma'aikata da Antoni Janar a ƙara ɗaya.

Batun inshora kada ka ɗora rai a kansa sosai. Tsohuwar dokar inshorar motoci ta 1945, wadda aka soke a 2025, ta keɓe motocin gwamnati da ke bakin aiki. Amma ka sa a duba lambar a rumbun bayanan inshorar motoci na NIID. In akwai kamfani a bayanta, hanya ta yi sauƙi.

In kuɗin lauya ya gagara, Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana karɓar ƙararrakin diyyar hatsari na masu ƙaramin ƙarfi. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, ita ma kyauta take aiki, takardarta kuma takan motsa fayil ɗin da ya kwanta. Sai dai kai koke can bai tsayar da wata ukun ba.

Ni kaina na fi so a ƙare maganar da sulhu, domin ko ka ci shari'a karɓar kuɗin wani aiki ne: sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce sai da amincewar Antoni Janar ake taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati. To amma sulhun ya kasance a rubuce, a kan takardar ma'aikata, da sa hannun mai ikon fitar da kuɗi da ranar biya. In babu wannan takarda nan da mako biyu, lauya ya aika da sanarwa ya shirya shigar da ƙara. In sun biya daga baya, janye ta ba wuya.